A Kula da Gwama Magungunan Ƙarfin Maza na Indiya

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan magungunan ƙarfin maza na gargajiyar Indiya, irin su ashwagandha da shilajit. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na ga magidanta na gwama biyu ko uku a lokaci guda, wani ma yana kan maganin hawan jini.

"Ai ganye ne" ba hujja ba ce. A 2004, bincike a Boston ta Amurka ya gano gubar ƙarfe, kamar dalma da zaiba, a ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda, wato na gargajiyar Indiya, da aka gwada. Denmark kuwa ta haramta ashwagandha a 2023.

Ina roƙon NAFDAC ta riƙa gwada su, ta sanar da sakamakon da Hausa a rediyo.

Naku,
Wani mai karatu, Kano