Wasiƙa daga Detroit: Maganar Tafiyar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sanyin da ya fara shigowa, wanda har yau jikina ya ƙi sabawa da shi.

Na saurari saƙon da ka turo a kan Auta, cewa ya dage sai ya sayar da kayan garejinsa na Panteka ya biyo ni, wai ya ji nan ne garin motoci, bakanike ba zai kwana da yunwa ba. Magana ce da ba ta waya ba, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta masa a gaban Inna.

Abin da ya ji ba ƙarya ba ne, sai dai labarin zamanin kakanni ne. A nan ne, a Highland Park, wani ƙaramin gari da ke tsakiyar Detroit, Henry Ford ya fara layin haɗa mota mai tafiya a 1913: ma'aikaci yana tsaye wuri guda, motar ce ke zuwa gabansa, ya ɗaure notinsa ta wuce gun na gaba. Motar da ake shafe sama da awa 12 ana haɗawa ta koma kamar awa ɗaya da rabi. A 1914 ya mai da ladan yini dala 5, wajen ninki biyu na abin da ake biya a da. Sai duniya ta kwararo: mutanen Poland, na Italiya, Larabawa, da baƙar fata masu gudun wariya da talaucin gonakin auduga na kudancin Amurka. A 1950 mutanen garin sun kusa miliyan 1 da dubu 850. Ƙidayar 2020 kuwa dubu 639 ta samu. Ka lissafa da kanka, Yaya, cikin mutum uku kusan biyu sun tafi, gidajensu da tituna kuma ba su bi su ba.

Da Auta ya zo lokacin da na zo, da wurin da zan fara kai shi shi ne masana'antar Packard da ke titin East Grand Boulevard. Tun 1903 aka fara gina ta, motocin masu hannu da shuni ake ƙerawa a ciki, kuma a 1956 motar Packard ta ƙarshe ta fito daga nan. Ginin kankare ne hawa-hawa, a jere, sai ka yi ta tafiya a mota bai ƙare ba. Na san shi babu gilashi ko ɗaya a tagoginsa, bishiyoyi sun tsiro a kan rufin, ruwa ya cinye siminti har rodi ya fito. 'Yan jari bola na nan, don su ma suna da nasu, sun kwashe wayar tagulla da bututu kaf, har ginshiƙan ƙarfe suke yankawa da wuta, bene ya rufto ba ruwansu. Akwai wata gada da ta haɗa ɓangarorin biyu ta saman titi, ita ake ɗauka a hoto; a watan Janairun 2019 ta faɗo kan titin da kanta. Wani attajiri daga ƙasar Peru ya taɓa sayen wurin a 2013 a kan dala dubu 405, da alkawarin gyara, abin bai je ko'ina ba. Daga 2022 hukumar gari ta sa katafila, yanzu yawancinsa fili ne.

Ni fa ba ginin ne ya fi taɓa ni ba, unguwannin da ke kewaye da shi ne. Za ka shiga layi ka ga gida ɗaya tal da mutane a ciki, dama da hagu ciyawa. A wasu wuraren matakalar ƙofar gida ce kawai ta rage, ka hau taki uku babu inda za ka shiga. Ka tuna Kakuri bayan masaƙu sun rufe, yadda masu tuwo da masu hayar ɗaki suka bi ma'aikata suka watse, har Baba, Allah ya jiƙansa, ya daina bi ta hanyar? To haka ne, sai dai nan gari guda abin ya ci.

Ina da maƙwabci, wani dattijo baƙar fata, mahaifinsa daga Alabama ya zo aikin mota, shi ma a nan ya yi ritaya. Shi ya fahimtar da ni cewa ba rana ɗaya abin ya faru ba, kuma ba Japan ce ta fara ba kamar yadda ake cewa. Tun shekarun 1950, lokacin da ake ganin kasuwa na ci, kamfanonin suka fara ficewa bayan gari, don sabon tsarin aiki yana son shimfiɗaɗɗen gini a fili mai arha, ba bene ba. Inji ya karɓe aikin hannu. Aka yi manyan tituna, Turawa suka bi su suka koma garuruwan gefe da harajinsu, tarzomar 1967 da ta ci rai 43 ta ƙara musu sauri. Sai tsadar mai ta 1973 ta zo, mutane suka juya ga ƙananan motocin Japan marasa shan mai. Daga baya aiki ya gangara jihohin kudu inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi, wani ya tsallaka Meksiko. A 2009 General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta tallafe su. A 2013 garin da kansa ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashin da ya kai wajen dala biliyan 18, har fanshon tsofaffin ma'aikatan gari aka zabge.

Abin da nake so Auta ya gane shi ne kamfanonin ba su mutu ba, suna nan suna cin riba. Hannun mutum ne suka rage buƙata. Masana'antar Ford ta Rouge da ke Dearborn har gobe tana fitar da motar a-kori-kura ta F-150, amma wurin da ya taɓa ɗaukar sama da mutum dubu 100 a shekarun 1930, yau ko kashi ɗaya cikin goma ba su kai ba. Gurbin da ya buɗe kuma 'ya'yan gari na layi a kansa, su da ke da takarda da harshe. Ko gyaran mota, a jihar Michigan sai ka ci jarrabawa an ba ka shaida kafin ka yi babban gyara a gareji, kuma ba da kunne ake gano ciwon mota ba kamar yadda ya koya a kan Peugeot 504, kwamfuta ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta.

Ban ce garin babu alheri ba. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka rufe tun 1988, Ford ya saye ta ya gyara, aka buɗe a 2024, kyau kamar me. A Hamtramck, wani ƙaramin gari a cikin Detroit inda nake zuwa Juma'a, da lasifika ake kiran salla, ga 'yan Yaman da Bangaladash ko'ina, naman halal ba wuya. Amma masallaci ba ya biyan kuɗin haya, kuma inshorar mota a nan tsadarta sai wanda ya gani.

Shawarata, kada ya sayar da ko sifana ɗaya. Motocin da ake gwanjonsu a nan bayan haɗari, su ne ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano, ƙarshe su faɗo hannun irin su Auta, kuma masu iya wayarinsu da kwamfutarsu ba su da yawa. Na saya masa na'urar duba mota, zan ba wani ɗan Zariya da zai taho gida bayan salla. Ya nemi wanda ya iya ya zauna a ƙarƙashinsa, kuɗin koyon ni zan biya. In ya ƙware kuma har yanzu ransa na kan tafiya, sai mu bi ta hanyar takarda, ba ta hannun dillalan biza ba.

Kuɗin maganin Inna zai shigo ƙarshen wata, ka sanar da ni in ya iso. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. A gaida Kawu, da matarka da yara, da mutanen majalisa.

Wassalam,
Ƙaninka.