Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa Kan Halin Da Masu Doguwar Jinya Suke Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa, ta hannun Sarkin Hausawa da 'yan majalisar fada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya ƙara masa lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin ta talaka ga ubangidansa, masu wannan koke talakawanka ne na Hausare, Kollere, Yalwa, Fulɓere da Rumde Ajiya, da 'yan uwanmu na Pitowa, Gashiga, Ngong da Lagdo da ke shigowa gari neman magani. Ciwon da ba a rabuwa da shi ne ya haɗa mu, wanda sai dai a yi ta lallaɓawa har ƙarshen rai: hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon ƙoda, farfaɗiya da asma. A cikinmu akwai waɗanda su lafiyarsu ƙalau, amma jinyar uwa ko miji ko ɗa ta ɗaure su a gida. Ni da aka ɗora wa rubuta takardar nan, shekarata tara ina yi wa kaina allurar insulin, maganin ciwon suga, safe da yamma.

Mun zo nan ne saboda wannan gida ya san harkar lafiya. Marigayi Lamiɗo Alim Garga Hayatu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana riƙe da muƙami a ma'aikatar lafiya ta ƙasar Kamaru har rasuwarsa a 2021. Maganar da ta fito daga fadar Garwa ana jin ta a Yawunde, babban birnin ƙasa.

Ba za mu ce ba a yi mana komai ba, don Allah yana gani. Tun 2007 ake ba masu ɗauke da ƙanjamau magani kyauta, masu tarin fuka ma kyauta ake ba su. Mace mai ciki tana sayen cek ɗin lafiya a sefa 6,000, a duba ta har ta haihu. Da aka buɗe zangon farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa a watan Afrilu na 2023, mai wankin ƙoda, wanda a da yake biyan sefa 5,000 duk zama ɗaya, sau biyu a mako, wato sefa 520,000 a shekara, ya koma biyan 15,000 a shekara gaba ɗaya. Mun ga magidanta sun zubar da hawaye ranar da suka ji labarin. Mun gode.

To amma, ranka ya daɗe, me ke kai mutum ga wankin ƙodar? Likitoci sun sha gaya mana cewa hawan jini da ciwon suga suna sahun gaba. Su kuwa waɗannan biyun ba sa cikin abin da shirin ya ɗauke wa talaka. Awon jini, awon suga, ƙwayar kullum, allura, duk daga aljihun mara lafiya suke fitowa. Wato sai ƙoda ta mutu sannan taimako ke zuwa, alhali a shekarun da ƙwaya ɗaya a rana za ta iya cetonta ba mai waiwayar mutum. Ga yadda abin ke faruwa a gidajenmu: ɗan acaɓa ko mai tireda ya karɓi takardar magani, ya sayi na kwana goma don iya ƙarfinsa ke nan, ciwon kai ya lafa, ya ce ya warke. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Bayan shekara biyu ko uku sai a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, dangi su ce jifa ne ko iska. Daga nan gida ya rasa mai nema, yara su bar makaranta, matar ta koma ɗaukar miji kamar jariri. Kuɗin da gwamnati ke kashewa kan mutum ɗaya a na'urar wanki zai sayi ƙwayar hawan jini ta mutane masu yawa. Saboda haka babban roƙonmu shi ne Mai Martaba ya kai wannan magana gaban Gwamna da Majalisar Yankin Arewa, inda kujeru 20 cikin 90 na sarakuna ne, har ta isa ga ministan lafiya: a sa maganin hawan jini, na suga da na sikila cikin zango na gaba na shirin, kafin nan kuma a karya farashinsu a kantunan magani na asibitocin gwamnati, kuma kada a bari su yanke.

Bari in yi magana a kan abin da na sani a jikina. Insulin ba ya son zafi. A firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Garwa kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yana haura 40, kuma a daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ke ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa. Yawancinmu ma ba mu da firjin. Ni kwalbata nake ƙullewa a leda, in sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, in binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Wani lokaci dabarar ta yi, wani lokaci in yi allura suga ya ƙi sauka, in kwana ina fitsari ina ƙishirwa, in san cewa kuɗina sun tafi a banza. Dokar 2019 ta ƙananan hukumomi ta ba magadan gari hurumi a kan cibiyoyin lafiya na unguwanni. Muna roƙon Lamiɗo ya kira magadan garin Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku, a sa firji mai aiki da hasken rana a kowace cibiya, a yi rajista, mai suga ya ajiye maganinsa da sunansa ya riƙa ɗauka. Rana dai Allah ya hore mana ita.

Masu zuwa wankin ƙoda daga ƙauyuka suna zama awa huɗu a kan na'ura, su fito jiri na ɗibarsu, sannan su nemi mota. Wanda ba shi da dangi a gari sai ya kwana a baranda ko a masallaci, wani kuma ya tsallake zama ɗaya don kuɗin mota ya gagara, jiki ya kumbura. Gida ɗaya kusa da asibiti, mai ɗakin maza da na mata, zai share wannan hawaye. Idan fada ta yi kira, akwai attajiran da za su sa zakkarsu da wakafinsu a nan.

Sai maganar sikila, wadda iyaye mata suka ce kada in kuskura in taƙaita. Yaro mai sikila ba maye ne ya kama shi ba, kuma ba laifin uwa kaɗai ba ne, ko da yake ita ake ɗora wa, wani lokaci har a sake ta. Gado ne daga ɓangare biyu. Idan miji da mata duk suna da nau'in jini AS, wato suna ɗauke da gadon ciwon amma bai bayyana a jikinsu ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Uwar da ta kwana tana danna ƙafar ɗanta cikin sanyin hunturu yana ihu, ta wayi gari tana neman wanda zai ba da jini, ita ta san darajar gwajin da ba a yi ba kafin aure. A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na wannan nau'in jinin. Mu ba doka muke nema ba tukuna. Umarnin fada muke nema ga limamai, lawanai da jaurawa, cewa a nemi takardar gwaji tun kafin a kai kayan sa rana, ba ranar ɗaurin aure ba da jama'a sun taru, kuma sakamakon ya tsaya tsakanin gidajen biyu don kada a ɓata sunan 'yar kowa. A nema mana rangwamen kuɗin gwajin, don in ya yi tsada ba mai yi.

Yara masu farfaɗiya kuma ana gudunsu, ana cewa yawunsu na yaɗa ciwon. Ba ya yaɗuwa, kuma akwai ƙwayar da ke tsayar da faɗuwar. Kalma ɗaya a huɗubar Juma'a za ta mayar da wasu aji.

Akwai masu yawo da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota suna rantsuwa cewa garin maganinsu yana kashe suga da hawan jini cikin mako. Ba mu raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu. Amma wanda ya ce wa mai suga ya ajiye allurarsa, ransa yake wasa da shi, kuma mun yi jana'izar irin waɗannan. Muna roƙon Sarkin Kasuwa ya tsawata, haka ma masu kasa ƙwayoyi a tire cikin rana, waɗanda ba a san inda aka yi su ba.

Na kusa da ƙarshe, azumi. Shekarun nan Ramadan yana faɗowa a lokacin zafi, kuma tsofaffinmu masu suga da masu ƙoda suna jin kunyar a ga suna shan ruwa, sai su ɗauka har su faɗi. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, ya kuma sanya ciyarwa ga wanda ba a sa ran warkewarsa. In malamai da likitoci suka zauna tare a fada kafin watan ya kama, suka fitar da magana ɗaya da Hausa da Fulatanci a gidan rediyo, tsoho zai karɓa daga bakin limaminsa abin da ba zai karɓa daga bakin ɗansa ba. A wannan zama ne kuma muke fatan a tsayar da ranar awon jini da suga kyauta a ƙofar fada, ko sau ɗaya a wata bayan sallar Juma'a, da wuri na dabam domin mata. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Garwa suna nan kusa, a gayyace su.

Muna roƙon a sa mana rana mu zo gaban Mai Martaba, maza da mata, da takardun asibitinmu da kwalaben maganinmu, ya gani da idonsa. Sa hannunmu da dangwalen waɗanda ba sa rubutu suna cikin takardun da ke haɗe da wannan.

Allah ya taimaki Lamiɗo, ya kare shi da iyalansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Wassalamu alaikum.

Talakawanka,
masu doguwar jinya da masu jinyarsu na Garwa da kewaye.