Jinyar tsofaffi ta koma wuyan 'ya'ya mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A gidajenmu, da zarar tsoho ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ce ke barin sana'arta, wani lokaci har ɗakin mijinta, ta koma wanki da juya shi dare da rana. 'Yan'uwanta maza kuwa, su turo kuɗin magani ta waya, shi ke nan wai sun fita hakki. Lada kam akwai, amma ita ma jiki gare ta.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, har da tsofaffi. Ina roƙon hukuma ta kawo rajistar unguwa-unguwa, limamanmu kuma su yi huɗuba kan rabon kwanan jinya tsakanin 'ya'ya.

Taku,
Wata malamar makaranta, Zariya