A bambance mana damuwa da ciwon damuwa

Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bagwai, kuma ƙanwata ce ta sa na ɗauki biro. Bara ta haihu lafiya, aka yi suna, aka watse. Wajen sati uku bayan haka sai ta sauya. Inna za ta dama mata kunun kanwa, ya huce a kwano har ya yi fata ba ta taɓa ba. Jariri na tsala kuka a gefenta, ita kuwa ta zuba wa bango ido. Wata rana da asuba na ji tana ce wa Inna, "Ni ban dace da yaron nan ba, ku ba wa wata shi."

Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wasu suka ce damuwa ce kawai, wa ya rasa ta, ta yi haƙuri. Waɗannan na biyun su suka fi cutar da ita, alhali da kyakkyawar niyya suke faɗa.

Sai da muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na gane inda gizo ke saƙar. Damuwa ita ce wadda ke kama ka idan damina ta yi gardama ko bashi ya taso, ta zo ta wuce. Ciwon damuwa kuwa cuta ce mai alamomi: baƙin ciki kusan kullum har sati biyu ko fiye, abin da mutum ke so ya fita ransa, barci da cin abinci su rikice, ya riƙa ganin ba shi da amfani, wani har ya fara tunanin mutuwa. Yana kama masu jego, kuma yana jin magani. Addu'a ba mu bari ba, mun haɗa da maganin, yau ga ta tana goyon ɗanta tana surfe.

Kalma ɗaya muke yi wa abubuwa barkatai, wato hauka. Mai farfaɗiya mahaukaci, alhali tasa cutar ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu kamar yadda yaran ajina suka yi imani, har suna gudun ɗan'uwansu idan ya faɗi. Mai fargabar da ke sa zuciya dukan uku-uku ba dalili, shi ma mahaukaci. Ko likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani da masanin halayyar ɗan Adam mai warkarwa ta hanyar zama a tattauna, ba mu raba su.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya harshe, mu a ƙauye muna nan jiya i yau.

Roƙona, Edita, ku ware ɗan fili kowane mako, ku gayyato likitoci Hausawa su ɗauki kalma guda su warware ta da Hausar da Inna za ta fahimta. Kada a jira sai 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ni na ɗauki alkawarin karanta shi ga iyayen yara a taron makarantarmu, kuma a fara mana da ciwon damuwa na masu jego.

Naku,
Malamin firamare, daga Bagwai, Jihar Kano.