Yaushe ya kamata in fara ba ɗana cakulan?

Assalamu alaikum Likita,

Da fatan kina lafiya, Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike wayar mana da kai a wannan fili. Ni uwa ce mai shayarwa, ɗana na fari watansa 9, kuma maganar cakulan ce ta hana ni sakat.

Nono zalla na ba shi har ya cika wata 6 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan na fara haɗa masa da abinci mai laushi. Yanzu ya kai lokacin da duk abin da ya gani a hannun mutum sai ya miƙo hannu yana buɗe baki. Kwanakin baya wata ɗiyar yayar mijina ta lakato cakulan da yatsa ta shafa masa a leɓe. Sai ya lumshe ido yana tanɗar baki, ya riƙe yatsar gam ya ƙi saki, kowa na dariya. Ni dai gabana faɗuwa ya yi. A daren bai yi barcin kirki ba, sai juye-juye da ƙananan kuka, da gari ya waye kuma na ga ja-ja a gefen kumatunsa. To amma haƙoransa na ƙasa ma suna fitowa. Likita, ta yaya uwa za ta bambance fitinar haƙori da alamar cewa jikin yaro ya ƙi wani abu?

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne mahaifinsa ba ya cin gyaɗa, da ya ci sai borin jini ya feso masa. Na duba bayan takardar cakulan ɗin, na ga akwai madarar shanu da waken soya, har an rubuta cewa ana iya samun ɓurɓushin gyaɗa a ciki. Shin irin wannan ana gadonsa? Idan kuwa ana gado, sai an kai yaro asibiti kafin a gwada masa?

Na kuma karanta cewa ƙa'idojin abinci na Amurka na 2020 zuwa 2025 sun ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba abin da aka ƙara wa sukari, saboda ruɓewar haƙori da kuma sabo da zaƙi tun yana ƙarami. Ga sinadarin kafeyin da tiyoburomin masu hana barci, waɗanda suka fi yawa a baƙin cakulan. Farin kusan ba shi da su, sai dai sukari da maiƙo ne cike da shi. Ga tsoron shaƙewa idan yaro ya gutsuri mai tauri. Duk da haka wasu iyayen suna ce mini da zarar ya cika shekara 1 shi ke nan. Wanne zan kama, shekara 1 ko 2? In lokacin ya yi, wane iri zan fara da shi, kuma yaya yawansa?

Sai babbar damuwata. Da na nuna ba na so a ba shi, Hajiya, wato mahaifiyar mijina, ta ce ɗan lasa ba ya komai, ita ma ta yi renon yara sun girma lafiya. Wallahi na san ƙaunar jikanta ce ta sa, kuma ba ta taɓa ɓata mini ba. Amma a ganina jaririn da bai san zaƙin cakulan ba babu abin da ya rasa, jira ba zai cutar da shi ba. Maigidana ya goyi bayana, sai dai nauyin mahaifiyarsa yake ji, ya kasa buɗe baki. Don Allah ki faɗa mini gaskiyar lamarin ta fuskar lafiya, sannan ki koya mini lafazin da zan yi wa Hajiya bayani ba tare da ta ga na raina tarbiyyarta ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata uwa mai shayarwa