Tafiyarmu ta kwale-kwale, a zaɓi waje

Salam ƴan uwa, ya aiki. Maganar fitan nan tamu ta kwale-kwalen roba, sai mun tsayar da waje kafin Juma'a don a kama mana gurbi. Ko rafin Clear Creek a garin Idaho Springs, wajen minti 40 a mota daga Denba (Denver, jihar Colorado a Amurka), muje mu dawo ranar, ko kwazazzabon Browns Canyon kusa da garin Buena Vista, can kam da nisa, sai an kwana. Ni dai Yuli nafi so, a Yuni ƙanƙarar duwatsu na narkewa, ruwan ga ƙarfi ga sanyi har ƙashi kuma akwai sababbi cikinmu. Kowa ya rubuto zaɓinsa, wanda bai iya iyo ba ya faɗa dan Allah. A taho da kayan canji, banda silifas, ruwa zai tafi dasu. Allah ya kaimu lafiya.