Ga Masu Zuwa Shan Iska Bakin Tafkunan Filato: A Kula da Abin da Ake Ci a Hanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyalan da ke hawowa tudun Filato shan iska daga Kano da Kaduna da Bauci, musamman a hutun Sallah da na ƙarshen shekara. Hotunan ruwa da duwatsu kowa na gani a Facebook, amma ba a cika zancen abinci ba, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baƙi da yawa kan koma gida da gudawa su ce canjin ruwa ne. Sau tari abinci ne da ya huce ya daɗe a ajiye, sanyin gari ya rufa masa asiri.

Tafkunan ba iri ɗaya ba ne. Na Rayfield tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, a gefen Jos yake, abinci ba ya wuya a can. Na Kurra, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ne ya datse su don samar wa masu haƙar kuza lantarki. Tafkin Pidong kuwa, a Ampang ta Yamma cikin ƙaramar hukumar Mangu, bakin tsohon dutse ne mai aman wuta. A irin waɗannan na nesa kada a sa rai da gidan abinci a bakin ruwa. A garuruwan kan hanya za a ci, wato Bukuru da Barikin Ladi da Mangu da Panyam, a teburin mai shayi ko rumfar mai tuwo.

Jos ta kai kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Duk hawan mita 300, zafin da ruwa ke tafasa a kansa yakan ragu da kusan digiri ɗaya, don haka a nan ruwa na tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Bambancin kamar ba komai, amma tukunya ta san shi. Wake da ganda da ƙafar saniya sun fi daɗewa kafin su nuna. Mai abincin da ke gaggawa sai ta zabga kanwa, waken ya yi duhu, bayansa ya farfashe, cikinsa da sauran tauri, wanda ya ci kuma cikinsa ya yi ta ƙugi. Gyaran mai sauƙi ne: a jiƙa wake tun dare, kamar awa 8, a zubar da ruwan jiƙon, a rufe tukunya ruf, kanwa kuma ɗan ƙanƙani. Mai saye ya murza ƙwaya ɗaya da yatsu kafin a cika masa faranti. Shayi ma haka: a ce wa mai shayi ya fara ɗauraye kofin da ruwan zafi, ya rufe shi minti 4 ko 5 ganyen ya saki, sannan a zuba madara. In ba haka ba, a sanyin hunturu kafin a yanka burodi shayin ya zama ruwan ɗumi.

Babban abin da ke yaudarar mutane shi ne sanyin. Baƙo daga Kano ya saba da cewa zafi ne ke ɓata abinci, sai ya ɗauka a Filato komai na iya kwana. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60, kuma ranar Filato, ko da hunturu, tana cikin wannan tsakanin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne kawai, kuma duk buɗewa tana zubar da shi. Shinkafa ta fi kowa haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, ta farfaɗo idan shinkafar ta huce, ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Alamarta amai ne cikin 'yan awanni da ci. Saboda haka a dubi kular lokacin da aka buɗe. Idan tururi bai taso ba, a nemi abin da za a dafa a gabanka: Indomie da ƙwai, wainar ƙwai, masa daga tanda, ƙosai daga kasko. Ƙwan ma a ce a fasa a wani kofi daban kafin a haɗa.

Lokaci ma na da muhimmanci. Abincin rana a ƙananan garuruwa yakan sauka ne wajen sha biyu zuwa ɗaya, wanda ya zo bayan la'asar ƙarshen tukunya zai tarar. Ranar kasuwa ta fi, don ciniki na gudu, ba abin da ke zama. Kasuwar Mangu ranar Juma'a take ci. Lahadi da safe kuwa rumfuna da yawa a rufe suke, masu su suna coci.

Mu a ganinmu asara ce mutum ya hawo har nan ya ci shinkafa da miya kamar yana gida. A nemi gwate. Ana yin sa da acca ko tsakin masara, da alayyafo da yakuwa da gauta da albasa, a kan romon ƙashi, wasu su ƙara gyaɗa. A kan wuta yake zama, da zafinsa ake sha, shi ya sa ya fi dacewa da baƙo da kuma sanyin wurin. Mai kyau yana da ɗan tsamin yakuwa da ɗan ɗacin gauta, ganyen bai dahu ya mutu ba, kaurinsa kuma ya riƙe cokali kaɗan. Aibin acca ɗaya ne, yashi. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, sai an rege ta a ƙwarya sau da yawa, ruwa bayan ruwa. Cokalin farko zai gaya maka ko mai abincin ta yi haƙurin wannan aiki. Akwai kuma kunun acca da kunun tamba da safe.

Dankalin Turawa nan ne gidansa, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, har akwai cibiyar bincike a kansa a Kuru. A duba abu biyu. Dankalin da bayansa ya yi kore saboda hasken rana, ko ya fara tsiro, yana da dafi mai ɗaci da suya ba ta kashewa, yana sa tashin zuciya da ciwon ciki. A yanke koren da zurfi ko a jefar. Na biyu shi ne mai. Suya na son mai ya kai wajen digiri 175, wato idan aka jefa yanka ɗaya ya taso nan take yana ƙara. A cikin iska mai sanyi, idan aka cika kasko da dankali lokaci guda, zafin man ya faɗi, dankalin ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Man da ya yi baƙi yana kumfa kuwa an wahalar da shi, a wuce gaba.

Kasancewar rumfa kusa da tafki ba ya nufin kifinta daga tafkin yake. Da yawa kifin ƙanƙara ne na teku da ya sha doguwar hanya, kuma inda wuta ke ɗaukewa yakan narke ya sake daskarewa. A tambaya. Tarwaɗa a zaɓe ta da ranta a cikin baho. Karfasa a duba idonta ya zama garau, a ɗaga marfin kunnenta a ga ja, a danna jikinta a ga ya dawo. Idan an gasa, a buɗe wajen ƙashin baya. Naman ya zama fari yana rabuwa da ƙaya, ba jini.

Kabeji da latas da karas na Filato abin sha'awa ne, amma da rani da ruwan rafi da na kududdufan kuza ake ba su ruwa. Ɗanyen salak a rumfar da ba ka ga ruwan wankinta ba, gara a saya a kai masauki a wanke da kai. Nono kuma a tambayi mai shi ko an dafa madarar kafin ta yi tsami. Kindirmo na gaskiya dafaffe ne, ɗanyar madara kuwa na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari. Ruwan sha a riƙe na gora mai hatimi, ga ma na Swan da ake ɗurawa a Kerang, kusa da Pidong. In babu, a tafasa minti ɗaya cur, digiri 96 ɗin ya isa. Ruwan kududdufin kuza ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne, gefensa a tsaye yake kuma yana da zurfi. A riƙe hannun yara.

Filato gari ne na Musulmi da Kirista da masu al'adu daban-daban, akwai wuraren da ake sayar da naman alade ko na kare da burkutu. Musulmi ya tambaya cikin ladabi, wane nama ne, wa ya yanka, kuma ko kasko ɗaya ake soya komai. Masu abincin sun saba da tambayar, za su faɗa maka gaskiya, su ma nuna maka rumfar da ta dace da kai. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsina fuska a kan abincin mutane.

Ga 'yan'uwanmu masu rumfuna, muna roƙo da babbar murya: kada a shigar da kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga don sanyi. Gawayi na fitar da iska mai guba da ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. A bar taga ɗaya a buɗe. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa maimakon kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu, a dafa shinkafa kashi biyu, ta rana da ta yamma, a kuma rubuta farashi a allo.

Baƙi kuma su riƙe tsabar kuɗi da canji, don sabis na yankewa a ƙauyuka, na'urar POS ta ƙi aiki. Yankunan Barikin Ladi da Mangu da Bokkos sun sha fama da rikici a shekarun nan, don haka a tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki a ranar tafiyar, a fita da sassafe, a ci abincin rana a gari kafin a gangara bakin ruwa, a kamo hanyar Jos kafin magariba.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu sana'ar abinci da rakiyar baƙi,
Jos, Jihar Filato.